Kan jirgin Tri-ang ɗina yana ƙugi amma ya ƙi tafiya

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar tara ƙananan jiragen ƙasa ku agaza min. Na tsinci tsohon kan jirgi na kamfanin Tri-ang wajen 'yan gwanjo, girman OO (ɗaya daga cikin ma'aunan girman waɗannan ƙananan jirage), mai injin lantarki samfurin X04 ɗin nan da ke aiki da bolt 12. In na ɗora shi kan layi sai ya yi ta ƙugi ya ɗan matsa ya tsaya, injin ya ɗau zafi har da ƙauri. Na goge tayoyin da sifirit, na canja burosh (gawayin da ke kai wuta cikin injin), na ɗiga mai a giya, duk a banza. Ko na cire injin na ba shi wuta kai tsaye yana juyawa amma ba ƙarfi sam. To maganaɗisun ne ya yi sanyi ko koyil ya ƙone? Ya ake gane wannan da mitar gwada wuta?