Wa Ya Haifi Kakan Kaka? Musayar Baitoci

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, 'yan zaure. Wannan makon asalin ɗan Adam za mu taɓa. Ƙwar biyu, amsa-amo "ba". Wanda ya yi zagi a goge baitinsa.

Da sunan Allah nake buɗe zancena,
Sarkin da bai haifa ba, ba a haife Shi ba.

Wani bidiyo ke yawo a wayoyinmu,
Tun da na kalla bai bar ni barci ba.

Wai wasu ne suka sauko daga samaniya,
Anunnaki, sunan da kakana bai sani ba.

Suka gauraya jininsu da na wata dabba,
Don haƙar zinariya, ba don ƙaunarmu ba.

Wai mai jini negatif shi ne jikansu,
Shi ya sa jininsa bai bi na kowa ba.

Ga hoton ƙwarangwal na wani ƙato,
Mai tono a gefe bai kai tsawon kansa ba.

Masana zaure, ku warware mini,
Gaskiya ce, ko ba a faɗa mana daidai ba?

Anti Mai Gwajin Jini:

Ƙanena na Damagaram, kwantar da hankali,
Ka zo inda ba za a ruɗe ka ba.

Jini sana'ata ce, kullum ina ɗiba,
Ban ga tambarin sama a kwalba ba.

Rh furotin ne a jikin jar ƙwaya,
Negatif shi ne wanda bai gaje shi ba.

Sunan ma daga birin rhesus aka samo,
A 1940, ba daga tauraro ba.

Wurin ƙarin jini ake kula, sai juna biyu,
In uwa negatif ce, ɗan bai biyo ta ba.

Allurar anti-D ake mata, shi ke nan,
Ba a kira Anunnaki ɗakin haihuwa ba.

Marubuci Sitchin ya baza zancen a 1976,
Masu karanta allunan Sumer ba su yarda ba.

Ƙaton kuwa aikin Photoshop ne,
Ba a taɓa kai ƙashinsa awo ba.

Malam Na Soro:

Madalla 'yata, kin kashe ƙaramar,
Amma ba ki taɓo babbar ba.

Anunnaki tatsuniya ce ta 'yan waya,
Ba ta shiga jarrabawar kowa ba.

Ta Darwin ce ke cikin jakar jikana,
Wai kakanmu biri, ni ban lamunta ba.

Daga yumɓu aka yi Annabi Adamu,
Aka busa masa rai, ba a haife shi ba.

In biri ne ya rikiɗe ya zama mutum,
Don me na gidan zu bai rikiɗe ba?

Ku tuna Piltdown ta ƙasar Ingila,
1912, mu ba mu manta ba.

Ƙoƙon mutum da haɓar biri aka haɗa,
Shekara 41 ba a gano ba.

Ɗan Samaru:

Baba Malam, na durƙusa, a yi mini afuwa,
Gyara zan yi kaɗan, ba raini ba.

Kaka ɗaya aka ce, aka rabu tuntuni,
Darwin bai ce birin yau ya haife mu ba.

Kai da ɗan baffanka kun haɗa kaka,
Wannan bai sa ya zama ubanka ba.

Piltdown kuwa, wa ya tona asirinta?
Masu awon ƙashi ne a 1953, ba wasu ba.

Ga maƙwabciyarmu Chadi, hamadar Djurab,
A 2001, ba a Turai ba,

Ɗan ƙasar, Ahounta, ya ci karo da ƙoƙon kai,
Wanda yashi bai gama cinyewa ba.

Toumaï aka sa masa, shekara miliyan 7,
Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta biri ba.

Amma ƙofar laka tana ta ƙasan ƙoƙo,
Irin ta mai miƙewa, ba mai rarrafe ba.

Wasu masana sun musa, har gobe ana ja,
Ban ce gardamar ta mutu ba.

Lucy, ƙwarangwal da aka tono a Habasha, 1974,
Ita kam ƙugunta bai bar shakka ba.

Miliyan 3.2, tana taka ƙafa biyu,
Kanta ƙarami, bai kai rabin namu ba.

Kromosom, ƙunshin gado, 48 ne a jikin birin cimfanzi,
Namu 46, biyun ba su ɓata ba.

Duba na 2 namu, biyu ne a manne,
Tabon haɗin bai goge ba.

Yaron Zango: Ku yi haƙuri, "ba" ta gagare ni, zan bi "ya". A ci ni tara daga baya.

Gaisuwa daga Kumasi, 'yan uwa,
Ni ma na zo da 'yar tambaya.

Wani Bature na ji yana ta cika baki,
Wai fari da baƙi ba tushe ɗaya.

Wai su jinin Neanderthal, wasu mutanen dā, ke gare su,
Shi ya ɗora su a kan duniya.

Mu ko an bar mu tun farkon hanya,
Haka ne, ko zunzurutun ƙarya?

Ɗan Samaru:

Yaya na Zango, rabin zancen haka ne,
Sauran ya cika shi da son zuciya.

A 2010 masana su Pääbo suka karanto
Gadon Neanderthal a ƙashin Kuroshiya.

Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake samu
A jinin Turawa da mutan Asiya.

An haɗu ke nan, har aka hayayyafa,
Ba a haihuwa sai da kusancin zuriya.

Kuma kakannin Baturen daga Afirka suka fita,
Kusan shekara 60,000 baya.

Ayari ne ƙarami ya ƙetare,
Bai kwashe gadon ba gaba ɗaya.

Shi ya sa bambancin gado ya fi yawa
A Afirka, fiye da kowace nahiya.

Launin fata kuwa rana ta tsara shi,
Bai auna hankali ko tarbiyya.

Malam Na Soro: A nan dai ni da yaron nan bakinmu ɗaya. Tun a huɗubar ban kwana aka gaya mana fari bai fi baƙi ba sai da taƙawa.

Anti Mai Gwajin Jini: Na dawo kan "ba".

Baba, bar ƙashi, zo teburina ka gani,
Hujjar da ba a tono ta a rami ba.

Saurayi da budurwa, an sa rana,
Lefe ya shiga, ba a yi gwaji ba.

Na miƙa takarda, AS da AS,
Ta riƙe tata, ba ta ɗago kai ba.

Shi ko yana tambaya ko injin ne,
Na sake awo, bai canza ba.

Kowane ciki, 1 cikin 4 ne SS,
Lissafin gado ne, ba baki ba.

To me ya sa S ta cika ƙasarmu,
Ba ta cika Ingila haka ba?

Sauro ne, Baba. Mai AS in ya kamu,
Maleriya ba ta cika kai shi kabari ba.

Ya rayu, ya yi aure, ya gadar wa 'ya'ya,
Masu AA da yawa ba su kai yaye ba.

Masani Allison ya nuna haka a 1954,
A gabashin Afirka, ba a mafarki ba.

Harafi ɗaya ya sauya a DNA,
Ciwo ya yi tankaɗe, ban ƙara gishiri ba.

Haka Bafulatani ke shan madara har tsufa,
Cikin wani kuwa bai iya ɗauka ba.

Malam Na Soro:

'Yata, wannan na yarda, na san sikila,
Na yi jana'izar da ban manta ba.

Tun kafin dokar Kano ta 2024,
Ban ɗaura auren da ba a yi gwaji ba.

Amma AS mutum ne, SS mutum ne,
S ba ta mai da kowa wani jinsi ba.

Sauyi cikin jinsi ikon Allah ne,
Tsallake jinsi ne ban gani ba.

Kai kuma ɗana, miliyan 7 ɗin nan,
Wa ya ƙirga? Ƙashi bai zo da shaida ba.

Ɗan Samaru:

Baba, makwancin ƙashi ake tambaya,
Ba shi kansa ƙashin ba.

Lucy tsakanin tokar aman wuta take,
Sama da ƙasa, ba a motsa ba.

Potasiyam 40 na tokar na rikiɗa, argon na taruwa,
Rabi a shekara biliyan 1.25, bai saɓa ba.

Kabon 14 da aka fi ji na kusa ne,
Iyakarsa shekara 50,000, bai kai can ba.

Toumaï da beriliyam aka auna ƙasarsa,
Shi ma wasu ba su gamsu ba.

Batun busa rai kuwa, Baba Malam,
Na'urarmu ba ta kai nan ba.

Malam Na Soro: To, ɗana. Lissafin argon ɗin nan ka kawo mini shi ranar Juma'a bayan la'asar, a rubuce, da Hausa, in bi shi layi-layi. Kai kuma na Zango, tararka baiti goma ne a "ba".