"Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi": har da Kirsimeti?

Ladi 'Yar Wusasa:
Jama'a, barkanmu da sanyi. Karin maganar da na kawo mana wannan makon ita ce "Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi." Kowa ya san ta, amma ba kowa ke ajiye ta inda ya dace ba. Yanzu da Kirsimeti ta ƙarato, da zarar an ga mutum ya rungumo kaza daga kasuwar Sabon Gari, ko an ga mai Keke yana sauke masa rabin buhun shinkafa a ƙofar gida, sai wani ya jefe shi da ita. Ni a ganina zaluntar karin maganar ake yi. Wanda ya ranci kuɗi ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya, da wanda ya ranta don maƙwabta su san ya fi su, duka wawaye ne? Sannan ma, ya dace a ɗauko ta a ɗora wa Kirsimeti, ko a bar ta inda aka same ta? Ga fili ga mai doki.

Malam Na-Kongo:
Sannu da ƙoƙari, Malama Ladi. Yadda muka ji ta a bakin manya ta fi haka tsawo: "Sallah bikin ɗaya rana, ta wuce ta bar wawa da bashi." Idan aka haɗa da farkon, ma'anar ta fito fili. Abin yini ɗaya ne, nauyinsa kuma na watanni. Game da tambayarki ta biyu, ai tuntuni Bahaushe ya fitar da ita daga kan Sallah. Ana faɗa wa ango da ya yi lefen da ya fi ƙarfinsa, ana faɗa wa mai suna da ya yanka abin da bai biya ba, har ɗan takarar da ya sayar da gonar gado ya sha ƙasa ana faɗa masa. In ta hau kan siyasa, me zai hana ta hawa kan Kirsimeti?

Ladi 'Yar Wusasa:
Haka ne, Malam. Kakata ma haka take faɗarta ba ta canza ko harafi. Mutanen Wusasa ai Hausa ce harshensu na gida da na sujada. Majami'ar St. Bartholomew tun 1929 take tsaye, ginin ƙasa irin na Zazzau, bayan mishan ɗin su Likita Miller ya taso daga cikin birnin Zariya. Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma tun 1932 yake hannun mutane. Wanda ya tashi a cikin wannan ba zai ji karin maganar baƙuwa ce a bakinsa ba. Wannan ɓangaren mun gama. Saura wawan.

Baba Tela Tudun Wada:
Ku bar ni da wawan, ni na san shi, har gidansu na sani.

'Yata Ladi, ki zo shagona daren 24 ga wata ki gani. Wuta babu, janareta na kuka, yaro na hura dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, mutum biyar zaune kan benci kowa ya naɗe hannu cikin rigar sanyi yana gyangyaɗi. Wanda ya kawo atamfar matarsa da yadin yara tun watan Nuwamba, ya biya rabi, ya dawo da sauran, shi wannan ya karɓi kayansa tun tuni yana gida yana barci. Wanda ke kan bencin shi ne ya kawo leshi kala uku saura kwana huɗu, yana so a yi masa aiki a wuya da hannu, kuma in an gama sai ya sosa ƙeya ya ce "Baba, bayan biki zan shigo." Ba a fafe gora ranar tafiya. Da Sallah haka, da Kirsimeti haka, fuskokin ne kawai ke canzawa. Abin da zan gyara wa karin maganar ɗaya ne: ba wawan kaɗai ake bari da bashin ba, har da telan da ya yarda da shi.

Ɗan Samaru:
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma ku teloli ma akwai naku alhakin, a bar kaza cikin gashinta.

Baba Tela Tudun Wada:
Yaro, wannan zaure daban ne. In an buɗe shi zan zo da kujerata.

Maman Bulus:
Ni dai ban yarda a kira duk mai bashin Kirsimeti wawa ba, kuma zan faɗi dalili. Ma'aikaci a kan biya shi albashin Disamba da wuri, kuɗin ya ƙare kafin sabuwar shekara, ga kuɗin makarantar zango na biyu na jiransa a Janairu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mutum. Maƙwabtanmu 'yan Zonkwa da Kagoro da Kafanchan, shekara guda suna Zariya suna nema, wannan ne lokacin da za su je su ga tsofaffinsu, 'yan Kagoro ma su tsaya har bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Mutum ya ranci kuɗin mota ya kai jikoki wurin kakarsu, shi ne wawa? Zumunta a ƙafa take, ita ma ai karin magana ce, ba ni na ƙirƙire ta ba.

Ku je Sabon Gari bayan 23 ga wata ku ga shagunan 'yan kasuwar da suka tafi kudu a kulle. Waɗannan mutane sun fi mu iya lissafi, amma ba sa fasa tafiyar.

Malam Na-Kongo:
Maman Bulus, kin kawo hujja mai ƙarfi, sai dai ki lura: waɗancan 'yan kasuwar tun farkon shekara suke ware kuɗin tafiyar. Ba su cikin maganar. Shi kuma mai rancen kuɗin mota, in ya san inda zai samo ya biya, bashi ne ya ci, ba wauta ba. Wautar tana wurin wanda bai yi tunanin wayewar gari ba sam.

Maman Bulus:
To ai Malam, talaka a yanzu ko ya yi tunanin wayewar garin, lissafin ba ya fita. Sai ya zauna yaransa su leƙa ta katanga suna kallon na wasu?

Goggo Talatu:
Ku tsaya ni ma in sa baki, don duk kun tafi kan kuɗi kun bar daɗin.

Mu a layinmu watanda muke yi. Tun bayan girbi ake zuba kuɗi kaɗan kaɗan wurin mutum ɗaya amintacce, a sayi saniya, a raba kashi kashi. Ranar yanka da asuba ake fitowa, hazo ya rufe Kufena ba ka ganin ko kan dutsen, kowa ya shafe leɓe da ƙafa da man kaɗanya. Maƙwabcinmu Musulmi ne ke yankawa, haka muka taso muka gani, don naman ya shiga kowane gida ba tare da wani ya yi ɗar ba. A shimfiɗa buhuna a ƙasa, a jera tsoka, a ɗora ƙashi, a bi da kayan ciki, kowane kashi da ɗan hanta ko yaya. Sai a sa ƙaramin yaro ya juya baya, a nuna kashi a ce "na wa?" ya kira suna. Ba rigima. Yara na can gefe wurin babbakar kai da ƙafa suna jin ɗumin wuta, wani ya saci guntun hanta ya soka a tsinke.

Cincin kuwa kwana biyu kafin nan muke yi. Mu haɗu mata huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, wata na murzawa da kwalba, wata na yankawa, wata na kan kasko, ana bitar waƙoƙin Zumuntar Mata da za a yi a sujada. Wanda ya ƙone a kaskon ƙarshe na yara ne, kuma sun fi son sa. A jiƙa zoɓo da citta da kanumfari, a sayo rake, ga shi lokacinsa ne, na wajen Maƙarfi na shigowa. Yaro ka saya masa tabarau na roba da agogon da ba ya tafiya, ya sa sabon takalmi ya fita yawon barka da Kirsimeti, ya dawo da yamma fari fat da ƙura yana ƙirga canjin da ya samo. Ku gaya mini, a cikin duk wannan ina abin da zai sa mutum ya ci bashi?

Abin da ke jefa mutane rami daban ne: hayar rumfa da kujeru da mai kiɗa, canza labule da kujerun ɗaki don baƙin yini ɗaya, anko kala biyu. Wannan ba don yara ake yi ba, don idon mutane ne.

Ladi 'Yar Wusasa:
Goggo, kin faɗi abin da ke raina, kin ma fi ni iya faɗa. Ni nan na tsaya: karin maganar ba ta hana biki ba, kuma ba ta zagi talaka ba. Mai kece raini take nufi. Shi ya sa nake jin haushi in an jefi mai kaza ɗaya da ita.

Ɗan Samaru:
Yaya Ladi, ni fa ina da ja. Kun mayar da abin kamar a goshi ake rubuta niyya. Wa zai ce maka "don a gani na yi"? Kowa cewa zai yi don yara ne. Ita ma mai anko kala biyun in kin tambaye ta za ta kawo dalili. Ni ina ganin ma'aunin ba niyya ba ce, Janairu ce. In wata ya kama kana ɓuya in an yi sallama, to da kai ake, ko don wa ka yi.

Mu nan Samaru wani bashin muke gani. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na watsewa hutu, mai shayi da mai Indomie da mai kwafin takardu su zauna suna kallon titi. Akwai mai shayin da na sani, littafin bashinsa cike da sunayen waɗanda suka ce sai sun dawo. Shi bai yi biki ba, bikin ya bar shi da bashi.

Hajiya 'Yar Kofar Doka:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban tanka ba. Ni ba mai Kirsimeti ba ce, amma shekara da shekaru kwanon maƙwabciyata na shigowa gidana ranar 25, shinkafa da miya da soyayyen nama, cincin a leda a sama. Ba na mayar da kwanon haka nan, ko ƙuli-ƙuli ne ko dabino sai na saka. In Babbar Sallah ta zo kuma cinyar rago na tsallaka katanga. Zancen ci ko rashin ci na bar wa malamai, kowa da wanda yake bi, ba shi ya tara mu nan ba.

Abin da nake so in ce, wata shekara mijinta ba shi da aiki, sai ga kwano ya zo da dafa-duka ba nama, ta aiko yarinya tana ba da haƙuri. Wallahi ta ƙara girma a idona. Da ta je ta ranto don ta fita kunyata, da ni ce na zama sanadin bashin. Mu masu karɓa ma muna da hannu a wannan wauta, domin mu ne idon da ake jin tsoro. In an buɗe kwano ana taɓe baki, dole gobe a ci bashi.

Malam Na-Kongo:
Hajiya, wannan fuska ce da ban taɓa duba karin maganar ta ita ba. Sai dai ba zan sauke wa mai cin bashin laifinsa ba. Mai taɓe baki ba shi zai biya ba.

Maman Bulus:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Goggo ta ce watanda, to wanda ko zubin watandar bai samu ba fa? Hajiya ta ce dafa-duka, na yarda. Amma yaro ɗan shekara shida da ya ga kowa a Sande Sukul da sabon kaya, me za a ce masa? A karanta masa karin magana?

Goggo Talatu:
'Yata, ba a ce kar a ranta ba. A ranci na riga ɗaya, wurin wanda ba zai tona asiri ba, a san ranar biya. Gwanjo ma in an wanke an goge, yaro bai san bambanci ba, uwar ce ta sani.

Maman Bulus:
Uwar ce ta sani, kuma matan layi sun sani.

Baba Tela Tudun Wada:
Maman Bulus, in yadi ɗaya da rabi ne ki kawo gobe kafin azahar, akwai ragowar atamfa a ƙarƙashin tebur da za a haɗa. Amma ban da aiki a wuya, kuma daga ranar 20 na rufe karɓa. Ɗan Samaru, kai kuma wandonka na nan rataye tun Ƙaramar Sallah, ka zo da cikon kuɗina.