Sun tafi da ƙanena ba labari, in ɗauki lauya ko in yi shiru?

Abban Khadija: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanena mai POS ne a kasuwar ƙauyenmu a Zamfara, jami'an tsaro suka tafi da shi tun kafin azumi wai kuɗin 'yan bindiga sun bi ta na'urarsa, har yau ba mu sa shi a ido ba, ba a kai shi kotu ba. Wani lauya ya ce in kawo dubu 400 ya shigar da ƙarar take haƙƙi a babbar kotun tarayya, kawunmu kuma ya ce kar mu tsokano tsuliyar dodo. Sai na sayar da gonar gado zan samu kuɗin, wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni haske.

Sani Keke: Ka je ofishin DPO ka yi belinsa kawai malam.

Abban Khadija: Ba 'yan sanda ba ne Sani, da su ne ai da tuni an gama.

Ya Falmata: Allah sarki ɗana. Ni mijina aka ɗauke a wajen tantancewa lokacin da muka fito daga daji wajen Bama a 2015, aka ware maza gefe guda aka zuba su a mota, mu mata aka kai mu sansani, goyona ko yaye ban yi ba, yanzu yarinyar tana aji shida ba ta san fuskar ubanta ba. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a 2017 aka ce an saki mutum 468 na kwana ina sauraron rediyo ko zan ji sunansa, shiru. Wani ya karɓe mini dubu 80 wai zai kai masa sabulu da magani, ashe ko ƙofar bai taɓa zuwa ba. Ni yanzu ko gawa ce a nuna mini in yi takaba in san matsayina.

Ummu Sadiq: Wlh kin sa ni kuka Ya Falmata, Allah ya bayyana shi.

Baristan Kano: Tsarin mulki sashe na 35 ya ce awa 24 ko 48 a kai mutum kotu. Dokar ta'addanci ta 2022 ta ba da damar tsarewa ta fi haka amma sai da umarnin alƙali. Kuma tun 2021 kotu a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, shi ya sa maganar ƙanenka ta yi nauyi. Ka fara da Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, kyauta ne, kar ka taɓa gonar nan tukuna.

Ɗan Gusau: Dubu 400 ya yi yawa, mu 150 muka biya.

Mai Shayi: Ina? Maƙwabcina sai da ya kashe miliyan ɗaya da rabi.

Kofur Mai Ritaya: Barista kai a ofis kake da fanka. Mu muka ɗauki gawar abokanmu saboda masu kai wa ɓarayi fetur da burodi da kuɗi, in an saki irinsu gobe ƙauyen wa za a ƙona? A bar bincike ya yi aikinsa.

Baristan Kano: Yallaɓai in akwai hujja a kai shi gaban alƙali mana, wa ya hana?

Sani Keke: Ni dai daga yau na daina cire kuɗi a POS, asusun ƙasa zan koma 😂

Ummu Sadiq: Sani ba wurin wasa ba ne nan.

Ɗan Gusau: Abin da ke ci min rai, wanda ya riƙe bindiga da hannunsa ya ce ya tuba sai a kai shi sansanin gyaran hali na Malam Sidi a Gombe a koya masa sana'a a sallame shi da kayan aiki, mijin Ya Falmata kuma ko sunansa ba a gani a takarda ba.

Kofur Mai Ritaya: Wannan kam ni ma ban taɓa yarda da shi ba, matan sojojin da suka rasu nawa ne ke yawon neman haƙƙin mazajensu har yau?

Abban Khadija: To gonar fa jama'a, in sayar ko in jira?