Me za mu kira "roman gothique" da Hausa? Ina buƙatar amsa kafin Juma'a

Mai shirin adabi, Tawa: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ranar Asabar da dare zan yi shiri a radiyo kan littattafan da Faransawa ke kira roman gothique, kuma dole in miƙa rubutuna ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Ga irin labarin: budurwa, galibi marainiya, aiki ko aure ya kai ta wani katafaren tsohon gida nesa da gari. Maigidan mai dukiya ne, ba ya yawan magana. Akwai ɗakin da ba a buɗewa, da dare ana jin taku ko dariya. Tana son mutumin, tana kuma tsoron shi ne zai zama ajalinta. Na rubuta "soyayya mai ban tsoro", amma bai kwanta mini ba.

Ɗaliba daga Yamai: Wa alaikumus salam Yaya. Soyayyar gidan fatalwa?

Ɗan Ader: Soyayyar gidan aljannu. Kowa na gane wanga nan take.

Mai shirin adabi: Nan ne matsalata, ƙanena. In na ce aljanu, mai sauraro zai jira a kira malamin ruƙiyya ko a buga garaya. Abin da ke damun gidajen nan mamaci ne, ko abin da dangi suka binne. Sau da yawa ma babu fatalwar. A Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847, dariyar da ake ji ta matar maigidan ce, da ranta, an kulle ta a saman bene. A Rebecca na Daphne du Maurier, na 1938, uwargidan ta mutu, ba ta taɓa fitowa ba, amma sunanta da kayanta sun hana amarya sakat.

Mushe mai ritaya: Ɗiyata, na daɗe da samar wa wannan suna tun ina koyarwa a lise, wato babbar sakandare: kufanci. Daga kufai. Kalma guda, tamu, da ɗafin -anci kamar yadda muke cewa malanci ko sarakanci. Babu aro, babu jan magana.

Ɗaliba daga Yamai: Baba, a gafarce ni, kufai ai wurin da aka tashi ne aka bari. Gidan nan kuwa da mutane a ciki, ana girki, barori na kai da kawo.

Mai fassara a Yamai: Ta yi gaskiya. Kango ma ba zai yi ba. A littattafai biyun da aka ambata sai a ƙarshe wuta ke cinye gidan, wato can ne yake zama kango. Ni dai a bar shi gotik. Kalmar ba fassarar komai ba ce: sunan Gotawa ne, ƙabilar da ta washe birnin Rum a 410, daga baya aka laƙaba wa ginin manyan majami'u irin Notre-Dame ta Paris, sannan Horace Walpole ya ɗora ta a kan littafinsa The Castle of Otranto, wanda ya fara fitowa a 1764. Faransawa da kansu ba su fassara ta ba.

Mushe mai ritaya: Su suka ga dama. Mu da dokar Nijar ta 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, mu zauna muna gotik? Haka muka yi da lakwal da kaye har yaro bai san makaranta da littafin rubutu ba. Kufanci ya ɗauki ruhin abin: tsufa, kaɗaici, da waɗanda suka riga mu.

Mai fassara a Yamai: Mushe, da girmanka, sunan da muke kiranka da shi ma aro ne daga monsieur na Faransanci, kuma bai rage ka da komai ba.

Wani daga Maraɗi: Me ya sa ba za a tambayi marubutan Kano ba? Su ke da littattafan soyayya, su ke da jami'ar da ke daidaita kalmomi. Abin da suka ce, a bi.

Ɗan Ader: Don mi? Hausa ta Kano ce kaɗai? Kullum sai mu jira a yanke muna daga can. Mutanen da za su saurari shirin ga a kasuwar Tawa suke, da Hausarsu tun kaka da kakanni. Har ƴ ɗinmu wasu ke gyara muna su sa waƙafi a sama.

Wani daga Maraɗi: Ban raina kowa ba. Amma littafi a can ake bugawa.

Mai shirin adabi: Don Allah a dawo kan magana, Laraba muke.

Hajiya mai karatun dare: Ɗiyata, ni ban yi nahawu ba, amma na karanta irin waɗannan da Faransanci tun ina budurwa. Abin da ke riƙe mutum har asuba shi ne yarinyar ba ta san wanda take kwana gida ɗaya da shi ba. Duk matar da aka kai gidan miji ta tarar da ɗakin uwargida marigayiya a rufe, dangi na yin shiru in ta shigo, ta san wannan zulumin. Gida ne mai asiri. Ki ce soyayyar gidan asiri.

Ɗaliba daga Yamai: Wallahi ta zauna! Asirin da ake rufewa, da asirin da ake tsoro, duka a kalma ɗaya.

Mai fassara a Yamai: Ta fi sauran. Sai dai wasu za su ji gidan boka. In kika yi bayani a farkon shirin, za ta wuce.

Mushe mai ritaya: Kalmomi uku inda ɗaya ta isa. Ban gamsu ba. Amma asiri ya daɗe a bakinmu, ya fi gotik.

Mai shirin adabi: Na gode. Zan buɗe da "soyayyar gidan asiri", in faɗi gotik sau ɗaya don ɗaliban lise su gane abin da ke cikin littafinsu. Baba, zan ambaci kufanci in na zo kan ƙonewar gidan. Saura guda: me zan kira ma'aikaciyar da ke riƙe da makullai, tana juya barori? Jakadiya ta yi?

Ɗan Ader: Jakadiya ta gidan sarki ce.

Mushe mai ritaya: Bari in duba takarduna, akwai wadda na taɓa rubutawa.