Yaya aka yi kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u ya bai wa Leba kusan kashi biyu cikin uku na kujeru?

Ɗalibin Siyasa:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Na daɗe ina bibiyar siyasar Birtaniya, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da babban zaɓen ranar 4 ga Yuli, 2024, kuma duk yadda na juya lissafin ya ƙi zama. Jam'iyyar Leba ta Keir Starmer ta samu ƙasa da kashi 34 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, amma ta tashi da kujeru 411 daga cikin 650 na majalisar wakilai. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta samu ƙuri'u fiye da miliyan 4, wato kashi 14 da 'yan kai, sai ga ta da kujeru 5 kacal, alhali Liberal Democrats da ba su kai ta yawan ƙuri'u ba sun kwashi 72. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a 2019 Leba a hannun Jeremy Corbyn ta samu ƙuri'u kusan miliyan 10.3, aka ce ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba tun 1935, amma a 2024 ta samu miliyan 9.7 aka ce ta yi gagarumar nasara. Ina roƙon wanda ya fahimci wannan tsari ya warware mini shi, kuma ya gaya mini ko su mutanen ƙasar sun gamsu cewa adalci ne.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafinka daidai ne, inda ya ƙi zama shi ne ka ɗauki abin a matsayin zaɓe guda na ƙasa baki ɗaya. A gaskiya zaɓuɓɓuka 650 ake yi a rana ɗaya, kowace mazaɓa da nata, kuma a kowacce wanda ya fi na biye da shi ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ne ɗan majalisa. Ba a neman ya samu rabi, ba a zuwa zagaye na biyu, kuma ƙuri'un waɗanda suka faɗi ba a tara su a wani wuri domin a saka wa jam'iyyarsu da wata kujera. Babu wanda yake kaɗa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye sai mutanen mazaɓarsa. Sarki ne yake gayyatar shugaban jam'iyyar da za ta iya riƙe rinjaye a majalisa ya kafa gwamnati.

Ka duba mazaɓar South West Norfolk, inda Liz Truss, tsohuwar firaminista 'yar jam'iyyar Conservative da ke mulki kafin zaɓen, ta rasa kujerarta. A 2019 ta ci da ratar ƙuri'u fiye da 26,000. A 2024 ɗan takarar Leba ya kayar da ita da ratar 630, kuma shi kansa bai kai kashi 27 cikin 100 ba, domin sauran ƙuri'un sun rarrabu tsakanin Truss da Reform da wani ɗan takara mai zaman kansa. Mutum bakwai cikin goma na masu zaɓe a can ba shi suka zaɓa ba, amma kujerar tasa ce dungurungum. Idan ka maimaita irin wannan a mazaɓu masu yawa, ka samu amsar tambayarka. Leba ba ta ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Conservative ce ta rushe daga kusan kashi 44 a 2019 zuwa ƙasa da 24, kuma kaso mai tsoka na mutanenta ya koma Reform ko ya zauna a gida.

Saboda haka a wannan tsari yawan ƙuri'a ba shi ne komai ba, inda ƙuri'ar ta faɗa shi ne magana. Reform ta bazu ko'ina amma ba ta yi kauri ba, ta zo ta biyu a mazaɓu 98, kuma na biyu ba shi da komai. Liberal Democrats kuwa sun tattara kuɗinsu da mutanensu a 'yan wuraren da suka san za su iya kayar da Conservative, musamman kudancin Ingila. Corbyn ya tara ƙuri'u jibge a manyan biranen da Leba ke ci dama can, inda ƙarin dubu goma ba ya haifar da ƙarin kujera, Starmer kuma ya samu nasa a shimfiɗe daidai inda ake bukata, har da Sikotland inda Leba ta tashi daga kujera 1 zuwa 37. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 1983 ƙawancen jam'iyyun Liberal da SDP, waɗanda daga baya suka haɗe suka zama Liberal Democrats, ya samu kashi 25 da kujeru 23, Leba ta samu ƙasa da kashi 28 da kujeru 209. A 2015 UKIP, jam'iyyar Farage a wancan lokacin, ta samu ƙuri'u kusan miliyan 3.9 da kujera ɗaya tilo, SNP kuma, jam'iyyar masu neman 'yancin Sikotland, da ba ta kai rabin wannan adadi ba ta kwashi 56. A 1951 ma Leba ce ta fi yawan ƙuri'u amma Winston Churchill na Conservative ya kafa gwamnati, a Fabrairun 1974 kuma aka juya, Conservative ta fi ƙuri'u, Harold Wilson na Leba ya fi kujeru.

Mazauniyar Leicester:

Malam ya gama bayanin lissafi, ni kuma bari in faɗi yadda abin yake a idon mai zaɓe, tunda a nan nake zaune kuma na kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe. Ranar Alhamis ce kamar yadda suka saba, ana buɗe rumfuna da bakwai na safe a rufe da goma na dare, kuma ba a ba da hutu. Na nuna katin shaida mai hoto, wanda a wannan karon ne aka fara neman sa a babban zaɓe, aka miƙa mini takarda guda, na shiga ɗan lungun katako na ɗauki guntun fensirin da aka ɗaure da zare na yi alama a gaban suna ɗaya. Duka abin bai kai minti biyar ba.

Wahalar tana kafin nan. Makonni shida takardun kamfe suna faɗowa ta ramin wasiƙa na ƙofa, kuma da yawansu ba su ɓata lokaci wajen bayyana manufa ba, sai dai a zana maka ginshiƙai biyu dogaye da ɗaya gajere a ce wancan ba zai iya ci a nan ba, kada ka zubar da ƙuri'arka. Wannan shi ne abin da tsarin yake koya wa mutane: ka zaɓi wanda zai iya kayar da wanda ba ka so, ko da ba shi ne zuciyarka take so ba. Wata maƙwabciyata da ta fi yarda da jam'iyyar Green ta shaida mini cewa shekara da shekaru ba ta taɓa kaɗa mata ƙuri'a a babban zaɓe ba, kuma na ga abin yana damun ta ƙwarai.

Amma kuma a garin nan na ga ɗaya fuskar. Jonathan Ashworth babban jigo ne a Leba, ana sa ran zai zama minista, kuma a 2019 ya ci mazaɓar Leicester ta Kudu da ratar fiye da 22,000. Mutane suka fusata kan matsayin jam'iyyarsa game da Gaza, suka bi Shockat Adam, ɗan takara mai zaman kansa, ya kayar da shi da ratar da ba ta kai 1,000 ba, a daren da Leba take cin ƙasa. Irin haka ta faru a Blackburn da Dewsbury da wani yanki na Birmingham. Da a ce jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa, da Ashworth yana can saman jeri babu mai iya taɓa shi. Wannan ne ya hana ni yanke wa tsarin hukunci gaba ɗaya, duk da cewa ina ganin cutar da ke cikinsa.

Tsohon Ɗan Jarida:

Hajiya ta taɓo inda nake so in tsaya. Ni ina ganin ana yi wa tsarin nan kallon da bai dace da manufarsa ba, domin tun asali ba a gina shi don majalisa ta zama madubin ra'ayoyin jama'a ba, an gina shi ne don a samu gwamnatin da za ta iya aiki kuma a iya korar ta idan ta gaza. A 2024 abin da jama'a suka fi haɗuwa a kai shi ne sun gaji da Conservative bayan shekara 14, kuma tsarin ya isar da saƙon ba tare da kwana-kwana ba: daga kujeru 365 ta koma 121, mafi ƙaranci a tarihinta, manyan ministoci irin su Grant Shapps da Penny Mordaunt suka faɗi a gaban jama'a, suna tsaye a jere da sauran 'yan takara ana karanta alƙaluma. Washegari firaminista Rishi Sunak na Conservative ya je fada ya ajiye aiki, kafin la'asar Starmer yana gida mai lamba 10 a titin Downing. A ƙasashen da ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, kamar Beljiyam da Holan, akan shafe watanni ana ciniki a ɗaki kafin a samu gwamnati.

Su ma 'yan Birtaniya sun ɗanɗana gwamnatin haɗin gwiwa daga 2010 zuwa 2015. Liberal Democrats sun yi alkawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, da suka shiga gwamnati da David Cameron na Conservative sai aka ɗaga shi zuwa fam 9,000 a shekara, kuma masu zaɓe suka rage su daga kujeru 57 zuwa 8. Sannan an tambayi jama'a kai tsaye a ƙuri'ar raba gardama ta Mayun 2011 ko a sauya tsarin, kusan kashi 68 suka ce a'a.

Malamin Tarihi:

Yallaɓai, ina girmama wannan hujja, amma akwai gyara biyu. Abin da aka gabatar a 2011 ba rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a ba ne. Tsari ne da mai zaɓe zai jera 'yan takara ɗaya, biyu, uku a mazaɓa mai kujera guda, kuma da yawa daga masu neman gyara ma ba shi suke so ba. Na biyu, batun gwamnati mai ƙarfi ya yi rauni a 'yan shekarun nan. A 2010 da 2017 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, har a 2017 firaminista Theresa May ta Conservative ta dogara da kujeru 10 na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa. Daga 2016 zuwa 2022 Conservative ta yi firaminista biyar, kuma Liz Truss ta hau ne da ƙuri'un 'yan jam'iyya 81,326, ta sauka kafin ta cika kwana 50, Sunak kuwa ko ƙuri'ar 'yan jam'iyyar ba a kaɗa ba.

Tushen matsalar a ganina shi ne, an ɗinka rigar ne don jam'iyyu biyu. A 1951 manyan biyun sun haɗa kusan kashi 97 na ƙuri'u, a 2024 ba su kai 58 ba. Idan jam'iyyu biyar suna takara da gaske a mazaɓa ɗaya, ƙaramin motsi a ra'ayin jama'a yana iya kifar da kujeru ɗari, kuma rinjayen da ya yi faɗi haka ba shi da zurfi: a Hendon da ke Landan ƙuri'a 15 ce ta raba, Wes Streeting kuma da aka naɗa ministan lafiya da 528 ya tsira. Kuma ba wai ƙasar ba ta san wata hanya ba. Majalisar Sikotland tun 1999 tana haɗa biyun, 'yan majalisa 73 daga mazaɓu, 56 daga jerin yankuna domin daidaita rabo, saboda haka damuwar Hajiya ta rasa wakilin da za ka iya kayarwa tana da magani. Abin da ya hana gyara a majalisar ƙasa da ke Westminster shi ne, mai ikon sauya dokar shi ne wanda dokar ta ɗora, kuma kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Taron Leba na 2022 ya amince da neman sauyi, shugabancin jam'iyyar bai saka shi cikin alkawuran zaɓe ba.

Ɗalibin Siyasa:

Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane inda lissafina ya kauce. Ban ɓoye ba, har yanzu zuciyata ta fi karkata ga Malam, domin idan na raba ƙuri'u da kujeru, kujerar Leba ɗaya ta tashi a kan ƙuri'a kusan 24,000, ta Reform kuma a kan fiye da 800,000, kuma ko da mutum ba ya ƙaunar Farage, waɗannan miliyan huɗun mutane ne masu haƙƙi. Sai dai labarin Leicester ya sa na dakata. Hajiya, ina so in san abu ɗaya: maƙwabciyar taki, da ta ga Green ta tashi daga kujera 1 zuwa 4 a wannan zaɓe, ta sauya shawara?

Mazauniyar Leicester:

Na tambaye ta bayan zaɓen, ƙanina. Ta ce ta kwana gaban talabijin har aka sanar da sakamakon Bristol, inda Carla Denyer ta Green ta ƙwace kujera daga hannun Leba, kuma ta yi murna kamar a unguwarta aka ci. Amma ta ce a zaɓe mai zuwa ba za ta yanke shawara ba sai ta ga alƙaluman mazaɓarmu tukuna, ta san su wane ne biyun da ke gaba.