Me ke kashe ciyawar manyan filayen wasa na ƙasa?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sanin harkar fili. Filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 2003, yana cin mutum sama da 60,000, kuma tsakanin 2020 da 2021 Dangote ya sa kuɗi an sake masa ciyawa. Amma sai ga Super Eagles sun tare a Uyo, filin mutum 30,000. Daga irin ciyawar ne, ko daga ƙasar, ko zafin ranarmu? Me manyan filaye irin su Wembley na Landan suke yi wanda mu ba ma yi?

Injiniya Magudana:
Wa alaikumus salam. Malam, koren da kake gani a talabijin fata ce kawai, aikin yana ƙasa. Fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Ana haƙe shi, a daddaɓe gindin, a jera bututu masu huji-huji, tsakanin kowane biyu kamar mita 5, duk su gangara zuwa babbar magudana. A kansu a zuba tsakuwa wankakkiya santimita 10 zuwa 15, sannan yashi santimita 25 zuwa 30 da aka cakuɗa da ɗan takin gargajiya. A cikin yashin nan saiwa take zama. Tsakiyar fili kuma ana ɗan tudunta shi, kusan santimita 1 a kowace mita, don ruwa ya gangara gefe.

Wuri biyu ake yawan ɓata aiki. Ko ɗan kwangila ya kawo yashi mai laka saboda ya fi araha, lakar ta bi ruwa ta toshe tsakuwa da hujin bututu. Ko a sayo ciyawa da aka raina a ƙasa mai yumɓu, a shimfiɗa ta da yumɓunta a kan yashi, sai ruwa ya tsaya a tsakani kamar an sa leda. Ranar buɗe fili ba wanda zai gane, sai damina ta faɗi. A watan Satumban 2023 ruwa ya kwanta a filin Alassane Ouattara na Ebimpe, kusa da Abidjan, aka dakatar da wasan sada zumunta tsakanin Kwaddibuwa da Mali, alhali saura wata huɗu a fara gasar cin kofin Afirka a wannan filin.

Gwada ko fili na tsotse ruwa ba wuya: a kafa guntun bututu a ƙasa, a cika shi da ruwa, a auna milimita nawa ke shigewa a awa. A yi a bakin raga, a tsakiya, da kusurwa, don ba ɗaya suke taƙurewa ba.

Mai Lambu:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ko an gina ƙasan daidai, fili gona ce. Zafin rana ba laifinsa ba ne. Ciyawar Bamuda, 'yar gidan kiri-kirin da muka sani, zafi take so. Ƙishirwa ce ke kashe ta, tunda yashi ba ya riƙe ruwa.

Ga lissafi: da gefe-gefensa, wurin ciyawa ya kai murabba'in mita 8,000. Milimita 1 a murabba'in mita ɗaya lita 1 ce. A bazara ciyawa na iya shan milimita 6 a rana, wato lita 48,000 ke nan kullum. Idan famfon burtsatse ya ƙone ko janareto ba mai na 'yan kwanaki a watan Maris, an gama. Shi ya sa ake son tanki mai riƙe ruwan kwana biyu zuwa uku da famfo na ko-ta-kwana. Ban ruwa da asuba ake yi, mai yawa lokaci guda, don saiwa ta bi shi ƙasa. Ɗan yayyafi sau biyar a rana saiwa yake bari a sama, ɗan wasa na taka birki ta tashi kamar tabarma.

Yanka kuma tsakanin milimita 20 da 28, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. A huda ƙasa da inji lokaci-lokaci, a share matacciyar ciyawar da ke taruwa a gindi, a barbaɗa yashi irin wanda ke ƙasa, ba wani daban ba.

Ɗan Sabon Gari:
To me zai hana a sa ta roba a huta?

Alhaji Rumfa:
FIFA ta yarda da ta roba idan ta ci gwajinta, amma da tsakar rana tana ɗaukar zafi har ta gasa ƙafa, kuma bayan shekara 8 zuwa 10 sai an sake. Manyan filaye da yawa gauraye suke yi, wato ciyawar gaske haɗe da zaren roba. Kada ka ɗauka Wembley ba ta sha wuya ba: daga buɗe ta a 2007 zuwa 2010 an sake ciyawarta kusan sau goma, sannan aka sa GrassMaster, zaren roba kusan miliyan 20 da ake soka wa ƙasa zurfin santimita 20, saiwa ta nannaɗe su.

Babban abin da aka manta shi ne inuwa. Rumfar da ke kare 'yan kallo tana hana ciyawa rana da iska. Filin ƙasa na Singafo da aka buɗe a 2014, mai rufin da faɗinsa ya kai mita 310, da Brazil ta buga da Japan a watan Oktoban shekarar yashi ne ke tashi. Daga baya suka koma raina ciyawa a waje, a naɗo a shimfiɗa. A Turai kuwa fitilu masu taya ake turowa kan fili a madadin rana, ga fankoki a gefe a madadin iska. Duk wuta ce, duk kuɗi.

Hajiya Kasafi:
Alhaji, gaurayen ma ba layar tsari ba ce. Filin Azteca na Meziko ya sa irinta a 2018, wasanni da bukukuwan mawaƙa da ruwan sama suka haɗu a kanta, har aka ɗauke wasan NFL, gasar ƙwallon Amurkawa, na watan Nuwamba aka kai Los Angeles. A Kumasi ma, CAF ta janye amincewarta da filin Baba Yara a Satumban 2024 bayan wasan Ghana da Angola, an yi taron addini na kwanaki a filin kafin nan.

Taro ba laifi ba ne, shi ke ciyar da Wembley da Stade de France. Bambancin, su sai an rufe ciyawa da faifan roba mai hujin iska, a kwashe da wuri, kuma kuɗin gyara na cikin kuɗin haya tun kafin a kafa dandamali. Tawagar ƙasa wasa nawa take yi a gida a shekara? Da ƙyar ya wuce biyar ko shida, shi ya sa fili ke buƙatar wani mai amfani da shi a kai a kai. Filin FNB na Johannesburg yana da kulob ɗin Kaizer Chiefs, kowane 'yan makonni ana buɗe ƙofa. Na Brasilia, mai cin mutum 72,000, da ba shi da babban kulob, bayan kofin duniya na 2014 motocin bas aka riƙa ajiyewa a harabarsa. Na Surulere a Legas kuwa, inda aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980 da 2000, kowa ya san yadda ya lalace.

Mai Lambu:
Hajiya, ki ƙara da wannan: faifan nan idan ya wuce 'yan kwanaki a zafinmu, ciyawar dahuwa take yi a ƙarƙashinsa. Kuma kada a ba da ruwa daren da za a shimfiɗa shi.