Littattafan da matasa za su karanta da kansu

To ga abin da na tsinta a wata hira da aka yi kan littattafan da ke magana a kan asalin mutum da tasowar matasa. Yawancin masu hirar sun ce a bar yaro ya zaɓa da kansa, in ka tilasta masa ajiyewa zai yi. Amma babba ya fara leƙawa tukuna, don wasu littattafan akwai hijira da wariya da rasuwar iyaye, ba kowane ɗan shekara 12 ne zai iya ɗauka ba. An kuma kawo maganar Rudine Sims Bishop, masaniyar littattafan yara 'yar Amurka, ta 1990, cewa littafi madubi ne kuma taga, yaro ya ga kansa ya hango wasu, ni dai wannan ta fi kama min hankali wallahi. In shafi ɗaya ya kai kalmomi 5 da bai sani ba, a sauya masa mai sauƙi.